Ranar da Mausa Banamali Ya Juya Littafi

A ƙauyenmu na bakin tafkin Chilika babu wanda ya san tsuntsu kamar Mausa Banamali. Sai dai a tukunya ya san su.

Shekara talatin yana kamun tsuntsu da tarko, sana'ar da ya gada. In sanyi ya koro agwagin ƙasashen ƙanƙara, sai ya faɗa fadama da sassafe, ya fito da su rataye a gora, ƙafafu sama, kai ƙasa. Kwatsam aka ce an hana. Dattawa suka tara masu tarko a ɗakin bauta, kowa ya rantse ya daina. Aka raba musu koriyar riga, aka ce daga yau aikinsu nuna wa baƙi tsuntsaye.

"Su saya?" in ji Mausa.

"Su kalla."

"In sun kalla fa?"

"Su koma gida."

Ya dubi wannan, ya dubi wancan, yana jiran wani ya fashe da dariya. Ba wanda ya yi.

Rantsuwa kam ya riƙe ta gam, bakinsa ne bai samu labari ba. Baƙo zai nuna dinya ya tambayi sunanta, Mausa ya ce, "Wannan, Yallaɓai, sai da tsamiya, in ba haka ba ƙarni ya kore ka daga gida." A ganinsa ya ba da ilimi. Baƙi kuwa sai su kai ƙara.

Trilochan, sakataren ƙungiyar masu rakiya, ya kira shi har rumfata, don ni ke sayar da shayi a mashigin fadama.

"Haba Mausa! Mutum ya taso tun daga birnin Kolkata don ya ga abin da yake ƙauna, kai kana gaya masa yawan albasa?"

"To ai ni ma ƙaunarsu nake."

"Ƙara uku ke nan. In aka kawo ta huɗu, ka ajiye riga."

Mausa ya shafa rigar. Ba shi da gona, kuma wanda ba shi da riga ba ya shiga fadama. Raba shi da ita raba kifi da ruwa ne. Na ce zan bi shi ranar da layin rakiya ya zo kansa, in na ji ya doshi tukunya in yi tari.

Baƙuwar da ta faɗo masa Dokta Manjula ce, tsohuwar likita daga birnin Cuttack, da madubin hangen nesa a wuya da littafi mai kaurin bulo. Muka kama gaɓar da ta ratsa fadama muna tafe a ƙafa, ruwa dama, ruwa hagu, agwagi sun rufe shi kamar an watsa gero. Mausa ya ɗaure baki. Ya haddace sunayen Turanci guda shida, su ya riƙa rabawa ba zaɓi. Zalɓe ɗaya sai da ya samu uku.

"Mausa, ba wannan ka kira da wani suna ɗazu ba?"

"Ya canza wuri, Maa," in ji shi, don haka muke kiran uwa a wajenmu.

Ta buɗe littafi ta nuna masa wata 'yar kazar ruwa mai jan ƙirji. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana nemanta, gwiwoyinta kuma sun fara yi mata gardama, ba ta jin za ta sake zuwa. Mausa ya ƙura wa hoton ido. Ya matso da shi, ya nisanta. Ya girgiza kai.

"Babu irin wannan a nan, Maa."

"An ce mini akwai."

"To ba mu gaisa ba."

Na ga fuskarta ta sauya, na ce a raina riga ta tafi. Wajen miƙa mata littafin ya kufce masa, ya cafe shi ta gindi. Tsuntsuwa ta koma ƙafafu sama, kai ƙasa. Mausa ya daka tsalle.

"Af! Wannan 'yar banzar? Ai sai ku ce ita ce! Wa ya tsayar da ita haka? Ba ta da nama ko na..."

Na yi tari.

"Ga ɗaci, ko an kwana ana..."

Na yi tari har da buga ƙirji.

"Malam mai shayi," in ji Dokta, "in tarin ne ka zo in duba ka. In ba shi ba ne, ka bar mutum ya yi magana. Me ke kawo ɗacin, Mausa?"

Ya dube ni, ya dube ta, ya rasa wanda zai ji wa tsoro. Can ya ce ƙananan katantanwa ne, kullum ƙundunta cike da su, kuma irinsu ba sa zama sai a bakin ciyawar kacala inda ruwa bai wuce idon sawu ba, bayan tsohuwar madatsar ruwa. Tsuntsuwar kuma ba ta fitowa sai iska ta kwanta.

Muka tafi, muka tsuguna har ƙafata ta mutu. Sai ga ta, ba ta kai dunƙulen hannu ba. Ta leƙo, ta yi taku huɗu, ta tsinci wani abu, ta koma. Dokta ta sauke madubi, hawaye na zuba.

Mausa ya raɗa mini, "Na shiga uku. Wannan ma kuka take. Me na ce kuma?"

A mashigi ta cika shafi guda a littafin baƙi. Trilochan ya karanta sau biyu yana sosa ƙeya, don yabo ne daga sama har ƙasa, amma abin da aka yaba shi ne abin da ya hana. Daga ƙarshe ya yanke hukunci: Mausa zai iya faɗin abin da tsuntsu ke ci, ban da abin da ake cin tsuntsu da shi.

"Rigar fa?"

"Taka ce."

Mausa ya zauna a bencina, na zuba masa shayi. Ya daɗe yana hurawa bai kurɓa ba.

"Shekara goma sha ɗaya," ya ce. "Taku huɗu. Kuma har da godiya. Kai da ka yi makaranta, anya matar nan lafiyarta ƙalau?"