Idon da Ya Rage Kyau

A Gangara ba a taɓa yabon ido kamar na Hadiyya, ɗiyar Habi mai ɗinkin hula, ba. An haife ta da wani tabo ja-ja da ya rufe rabin goshinta har fatar idon dama. Mata suka ce tawadar Allah ce. Da idon ya soma girma ya fi ɗan'uwansa, sai suka ce ramuwa ce Allah ya yi mata. Matanmu kuwa, in dai ido dara-dara ne, to an gama magana.

Habi ce kaɗai yabon bai ratsa ba. Ta ga da an fita rana jaririyar sai ta cusa fuska cikin zane, idon yana ta hawaye ba tare da kuka ba.

"In kyawo na, don mi taka ɓoye shi?" ta ce wa mijinta Talha. "Za ni Sakkwato da ita."

Can likitan ido ya ce mata jijiyoyin jinin da suka yi tabon sun shafi idon ma, sun hana ruwan cikinsa fita. Ruwan ne ke buɗa idon. Hawan jinin ido ke nan, kuma abin da ake yabo makanta ce ke tafe.

Aka yi wa yarinyar aiki, aka buɗe wa ruwan hanya. Har yau abin yana ba ni mamaki: hannun ɗan Adam a cikin idon da bai fi ɗan goriba ba. Habi ta dawo da maganin ɗigawa, kuma shekara da shekaru ba ta taɓa fashin komawa wurin likita ba, ko da damina ta yanke hanya. Idon ya tsaya, fuskar ta girma ta cim masa.

Kwanan baya wata maƙwabciya, Saude, ta dubi Hadiyya da tausayi ta ce, "Idon ga ya rage kyawo."

"Alhamdu lillahi," in ji Habi.

Yanzu ganin Habi ya yi rauni. Ta miƙa wa ɗiyar allura da zare. Hadiyya ta runtse idon hagu, don tsokana, ta zura zaren da na dama.