Yadda Muka Ɗaura wa Jirgin Baba Wutsiya

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Hindawiyya da ke Jidda ranar Alhamis, ana sallame salla, mu huɗu a wanet ɗin aro, wato 'yar a-kori-kurar nan ta ƙasar nan. Ni ke tuƙi. Kusa da ni surukina, dattijo Basarke wanda ya baro Yawuri da ƙafa tun yana saurayi, ya yi su a kogin Sudan, ya haye teku ya sauke farali, ya zauna. A jikin ƙofa ɗansa, ƙanin matata, haihuwar Jidda, akawu a tashar jiragen ruwa, ya sha farar riga kamar za shi ɗaurin aure. A baya kuma maƙerin unguwarmu, zaune cikin jirgin alminiyam ɗin da muka ɗaure da igiya, ya rungume inji.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da mu. Shekara talatin Baba, wato surukin nawa, yana su a wani lungun teku kudu da gari, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, sai laka da ciyawa. Da gwangwala yake tura kwalekwalensa. Bara kafaɗarsa ta dama ta ƙi, hannun ba ya ɗaguwa ya wuce ƙirji, har wata rana iska ta tsare shi kwana biyu ya kasa komowa. Hankalin gida ya tashi. Ɗan ya samo masa gadi a wani sito a Khumra, kafili, wato Balaraben da ke tsaya wa Baba a takardun zama, ya yarda, za a fara ranar Asabar. Baba bai yi musu ba, sai dai ya daina hira, ya daina tsokanar jikoki. Matata ta yi ta kuka. Ni kuma, da yake baki shi ke yanka wuya, na bugi ƙirji a gaban kowa na ce zan sa masa inji. Ɗan ya ce tayyib, ya yarda, amma da sharaɗi: a zaune zai tuƙa, kada jijjigar inji ta jefa shi ruwa. In Alhamis ta wuce abin bai yi ba, halas, magana ta ƙare, sai gadi.

Ni makanikin injin ban-ruwa ne, Usta ake kirana yadda ake kiran mai aikin hannu a nan, amma ban taɓa taɓa jirgi ba. Injin jirgi na kanti ƙafarsa tsaye take cikin ruwa, a wurin Baba kafin a yi taku goma ta dasa kai a laka. Wani mai walda ɗan Tailan da muke shan shayi tare shi ya zana mini irin na ƙasarsu a ƙasa da tsinke: a ɗora inji a gindin jirgi, a fitar masa da doguwar wutsiya ta ƙarfe a kwance, farfela a ƙarshenta tana lasar saman ruwa. Ya ja layin tsawonta, na ɗora hannuna na auna, kamu biyar cif. Jirgin a kasuwar gwanjo na samo shi, mutum biyu sun ɗaga shi. Da Baba ya gan shi ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya tambaye ni ko tuwon suna za a tuƙa a ciki.

Hanyar kudu ta canza ƙwarai. Ko'ina siminti, ko'ina tirela, in ka leƙa dama ka hango jiragen ruwa jere a teku suna jiran layin sauke kaya. Mun wuce matatar mai, muka sha fetur, wanda a garin nan ya fi ruwan sha araha. A Khumra ɗan ya nuna siton da haɓa, ya ce akwai fanka a ɗakin mai gadi. Baba ya juya yana kallon wani raƙumi da ke cin kwali.

Inda kwalta ta ƙare akwai gahawa, rumfar langa-langa da dogayen kujerun igiya. Muka karya da gurasar tamis mai zafi da dafaffen waken ful, an malala masa man shanu. Riyal ɗaya kwano, ninkin na Hindawiyya, amma mai rumfar ya san babu wani a gabansa. Maƙeri ya sauko fuska duk ƙura, ya cinye kwano biyu yana mitar tsada. Gaba kaɗan askarin gaɓar teku ya duba iƙamarmu ta zaman ƙasa da takardar jirgi, ya ga wani dogon abu naɗe cikin buhuna ya ce mene ne wannan, igwa? Na ce wutsiya ce. Ya dube ni, ya dubi jirgin, ya yi dariya ya ce yalla.

Daga nan sai fako mai gishiri, wanda kan yaudari direba: sama busasshe, ƙasa kunu. Baba ne ya riƙa nuna mini inda zan sa taya, da ɗan yatsa, ba magana. Hantsi ya ɗaga muka isa. Bukkoki huɗu ne na masunta, 'yan Yaman biyu da wasu Hausawan Sudan, ga itatuwan shura, masu fitowa a ruwan gishiri, tsaye cikin ruwa kore shar. Suka taso da murna suna rungumar Baba. Sun riga sun ji labarin gadin, don haka babu wanda ya ɗaga maganar.

Muka sauke jirgi muka hau aiki. Alminiyam ba katako ba ne, in ka ɗaure shi da noti kai tsaye jijjiga za ta yage shi. Sai na sa katako ciki da waje na matse gindin jirgin a tsakiya, na huda da abin huji na hannu, na yanka robar tayar keke na shimfiɗa duk inda ƙarfe zai taɓa jikin jirgin, don ruwan gishiri ba ya barin su zaman lafiya. A kan katakon na kafa wuyan wani tsohon babur, shi zai ba inji damar juyawa hagu da dama, ya kuma sunkuya ya ɗago. Muka ɗora injin, mai ƙarfin doki biyar, na ɗaura masa mariƙi na bututu ta gaba. Ɗan kuma ya kawo tasa gudummawar, kujerar mota mai soso da ya sayo wurin 'yan gwangwan, ya tsaya a kaina har na ɗaure ta daidai inda mahaifinsa zai zauna. Wallahi har nan aikin ya yi kyau, ina ta fito ina jin kaina.

Sai maƙeri ya kwance buhuna. Jiya da yamma ya gama wutsiyar, ban gan ta ba sai yanzu. Aiki dai ya yi aiki: sandar ƙarfe cikin bututu, ta sha giris, farfela mai kunne biyu tana sheƙi. Amma tun kafin in ɗaura ta gabana ya faɗi. Na ɗora hannu na auna, kamu huɗu da ɗan yatsa.

Na ce masa kamu biyar na ce. Ya ce kamu biyar ya yanka, ya durƙusa ya auna a gabana, biyar cif. Muka tsaya muna kallon juna. Ni dogo ne, a ƙofar gidanmu sai na sunkuya. Shi kuwa in ya tsaya kusa da uwar maƙerarsa ba ka cewa ga wanda ya fi wani. Wani Basudane ya kama hannayenmu ya jera gwiwa da gwiwa, yatsun maƙeri suka tsaya a wuyan hannuna. Masunta suka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Na ce wa maƙeri ai mai hankali ya san kamun mutane ake nufi. Ya ce to shi aljani ne? Ya ce shekara ashirin ina yawo da sifana a aljihu, ko tef ɗin awo na rabin riyal ban taɓa saya ba. Gaskiya ce, shi ya sa ta yi mini zafi.

Muka ɗaura ta a haka muka tura jirgin ruwa. Na hau kujerar na sunkuyar da wutsiya. Da yake gajeriya ce, kafin farfela ta taɓa ruwa sai da mariƙin ya ɗaga ya wuce goshina. Mai zama sai ya miƙa hannu sama kamar mai tsinkar mangwaro, abin da kafaɗar Baba ba za ta taɓa yi ba. Maƙeri ya ce a lanƙwasa mariƙin, na ce in an lanƙwasa zai daki ƙasan jirgi duk sanda aka danna don tsallake dutse. Walda kuwa sai Jidda.

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na miƙe tsaye na ja igiya, inji ya kama da ƙara. Jirgin ba nauyi, hancinsa ya ɗaga sama, ya juya sau biyu a wuri ɗaya, sai ga ni zaune cikin laka har ƙirji. Allah ya taimaka wani ɗan Yaman ya yi tsalle ya kashe injin.

Wannan karon dariyar ba ta yi tsawo ba. Ɗan ya miƙo mini hannu ya jawo ni, ya ce a hankali, "Ka yi ƙoƙari, Usta. Halas." Ba da gatse ya faɗa ba, tsoro ne a idonsa, don ya ga abin da zai sami tsoho. Ni kuwa kunya ta rufe ni. Na sa wa dattijo rai, na kwaso shi har nan don ya ga ƙarshen sana'arsa a gaban abokansa.

Duk wannan bidiri Baba yana inuwar mota yana ɗinkin koma. Ya ajiye, ya tattare wando, ya shigo ruwa. Ya kama mariƙin ya ɗaga ya sauke, ya ɗaga ya sauke. Sannan ya ce mini, "Usta, kwance kujerar nan ka mai da ita gaba."

Ɗan ya fara magana da Larabci, babana kaza, sharaɗi kaza. Baba ya bari ya gama.

"Kai za ka zauna a kai," in ji shi. "Hancin jirgin nauyi yake nema. Ni ban taɓa tuƙi a zaune ba, ba kuma yau zan koya ba. In na faɗi, kana nan ka gani da idonka, ranar Asabar ni zan tashe ka mu tafi wurin gadin."

Rabon yaron nan da shiga jirgin ubansa tun kafin a sa shi makaranta. Ya dubi farar rigarsa, ya dubi lakar da ke jikina, ya hau ya ƙanƙame gefen jirgi da hannu biyu. Baba ya tsaya a baya ba takalmi, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Mariƙin ya zo masa daidai kwankwaso. Ya danne shi da gwiwar hannun nan mai ciwo, ya riƙe bakin mariƙin da hagu, ya ce in ja igiya.

Jama'a, ashe ba da hannu ake abin ba. Da ƙugu ya riƙa juya shi, yadda ya saba kwantawa a jikin gwangwala, ya bar farfela rabi a ruwa rabi a waje. Jirgin ya yi ɗan rawa, ya miƙe, ya shige tsakanin itatuwan shura ta wata hanya da ni ban ga alamarta ba. Muka ji ƙarar tana raguwa har ta ɓace.

Sa'a ɗaya da rabi muna jira. Na wanke laka, na yi azahar, muka shirya da maƙeri a kan butar shayi, ko da yake har yanzu kowa na ganin hannunsa ne daidai. Can sai ga ƙara. Baba tsaye yadda ya tafi. Ɗan a gaba jiƙe sharkaf, iska ta tafi da ƙyallen kansa irin na Larabawa, ya rungume kwandon kifi yana washe baki. Kafin ya taka ƙasa ya fara ba mu labari, rabi Hausa rabi Larabci: wai Baba da kalar ruwa yake gane zurfi, wai kowane lungu da sunan da ya sa masa, wai inda yakan yi rabin yini kafin ya kai, yau ko shayi bai isa hucewa ba.

Masunta suka gasa mana kifin da suke kira arabi a kan garwashi, gishiri da lemon tsami kawai, da shinkafa mai launin ƙasa. Ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba. Baba ya dawo da tsokanarsa, ya ce a rubuta a jikin injin cewa aikin dogo da gajere ne. Amma da zai ɗauki kofin shayi na ga da hagu ya ɗauka, ya bar damar a cinya, ɗan ma ya gani.

Da la'asar muka ɗaure kaya, Baba ya ce mu gaida gida. Ya ce arabi na shigowa da sassafe, shi ba ya barin sabon jirgi ya kwana shi kaɗai. Ɗan ya je ya sauke masa sauran fetur da ruwan sha.

A hanya na ce wa ɗan gobe bayan Juma'a zan sa a ƙera wata wutsiyar mai cikakken tsawo, a mai da kujera wurinta, sharaɗinsa ya cika.

"Kada ka ƙara mata ko ɗan yatsa," ya ce. "Na san shekara biyu ce ko uku ta rage masa a ruwa. Amma ranar da muka zaunar da shi, ba zai ƙara tashi ba."

Abin da tafiyar nan ta koya mini biyu ne. Na farko, in sayi tef. Na biyu, dukkanmu da hannunmu muka auna wa tsohon nan hutu, ni da injina, ɗansa da kujerarsa, babu wanda ya tambaye shi nasa awon.

Ana kiran magariba muka shiga Hindawiyya. Surukata tana bakin ƙofa, ta ƙirga mu da ido ta ga uku, ta dafe ƙirji ta ce ina Malam? Ɗan ya ajiye kwandon kifi a gabanta.

"Yana ruwa, Inna. Ya ce ki haɗa masa bargo da yaji, ranar Asabar ni zan kai masa."

Ta dube shi, ta dubi kifin, ta ja bakin mayafi ta share ido. Sannan ta juya ciki tana kiran matata ta kawo wuƙa da babbar tukunya.