Uban Amarya a Cikin Fatar Rago

Daga Kano

Tun kafin kiran assalatu ɗana ya tada mota muka bar Gwammaja, gari tsit sai haushin karnuka. Ni da na shekara ashirin ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, ban taɓa wuce Saudiyya ba, sai ga ni zan tafi New York bikin Ummi, 'yar wana Yaya Sale. Ni ce gwaggo, kai amarya ɗakinta aikina ne. A ƙasan akwatina akwai babbar rigar uban amarya, farar shadda mai aikin hannu, wadda na yi wata uku ina zarya Zariya a kanta.

Mun yada zango a Alƙahira, aka sake zuba mu a wani jirgin. Na yi barci na farka, na ƙara na farka, muna nan a sama. A filin jirgin New York wani ma'aikaci mai safar roba ya zare ƙullin kilishina ya jefa a kwando. Daddawa kuwa ya shinshina, ya ja da baya, ya ce in wuce da abata. Na so in tambaye shi dalili, Turancin ya ƙi fitowa.

Park Hill

Yaya ya zo ɗaukata da tasinsa mai mita, na'urar da ke ƙirga wa fasinja kuɗin tafiya. Ya tsufa fiye da hotonsa na waya, yana magana yana ɗan tari. Gidansu yana can saman wani dogon bene a Park Hill, tsibirin Staten. Matarsa Anti Rakiya, Bahaushiyar zangon Kumasi mai aikin kula da tsofaffi, ta dire mini tuwo da miyar kuɓewa. Ban kai loma uku ba ta ja kujera.

"Hajiya, zauna ka ji wahala da wanka ya kawo mana." Haka Hausarsu take, kowa namiji ne.

Ashe Ummi abu ɗaya ta roƙa a bikin nan gaba ɗaya. Ta ce ubanta ya yi shekara da shekaru yana kai baƙi duk inda suke so, ita bai taɓa kai ta ko'ina ba. Da dare yana kan titi, da rana yana barci. Ko ranar da ta gama jami'a bai samu zuwa ba. Don haka shi take so ya kai ta gidan miji, a tsohuwar motarsa da ya daɗe yana gyarawa ranakun Lahadi.

Na ajiye cokali. "Uba ya kai amarya? To ni me na zo yi?"

"Kai ma ka shiga baya," in ji ta. "Amma moton ba shi da rufi. Last winter, sanyin bara, sati biyu ya yi a asibiti, huhu. Likita ya ce sanyi ya sake shiga ƙirjin nan, sai Allah. In bai samu jaket na gaske ba, ba shi ganin key." Ta daki jakarta, na ji ƙarar makulli.

Yaya yana ta juya shayi. Na san shi tun muna yara, bai iya faɗin abin da ke ransa ba. In makullin nan bai fito daga jakar Rakiya ba, yarinyar za ta tafi gidan miji da wannan magana a zuciyarta, shi kuma ba shi da bakin da zai gyara.

Stapleton

Washegari ya kai ni garejin da yake haya a Stapleton, ya yaye tampol. Mota ce doguwa, ruwan madara, ta kusa sa'ata. Tana sheƙi, ban hana ta ba, amma daga gilashin gaba zuwa baya sararin Allah ne.

"Yaya, ina sauranta?"

"Haka take. Rufin tanti gare ta, ya ruɓe na cire."

"To a ɗauki tasinka mana, mai rufi da na'urar ɗumi."

"Ba a tasi Ummi ta ce ba, Binta."

Ya ce abin da masu irin motar ke sawa shi ne rigar matuƙan jirgin sama na da, fatar tunkiya ce, gashin a ciki. Ni a sanina fatar rago buzu ce, malam ya shimfiɗa ya zauna. A nan kuma mutum ya cire wa mota rufi da hannunsa, sannan ya fita neman rago ya shiga cikinsa. Na yi ta juya abin a kaina, ya ƙi zama.

Manhattan, zuwan farko

Ƙarfe tara muka hau bas zuwa bakin ruwa, muka shiga jirgin ruwa mai girman unguwa. Na kwance bakin mayafi zan biya, Yaya ya ce kyauta ne. Ban yarda ba har muka sauka, ina ta waigen mai karɓar kuɗi.

Ni na matsa masa ya sa babbar rigar a ƙarƙashin kwat ɗinsa, don a gwada a kanta. Kaya sana'ata ce, kuma na san ƙa'ida: namiji mai mutunci ba ya sa abin da ya matse shi. A wani katafaren kanti na bi layin rigunan ina murza fata ina shinshinawa. Wata na ja gashin ya biyo hannuna, roba ce, na mayar musu. Yaya ya tsaya gefe ya kira limaminsu, wai ko ya halatta tunda ba a san wanda ya yanka ragon ba. Liman ya ce ya sa abinsa, in zai yi salla ya tuɓe.

Na zaɓo mafi girma, mai saukowa har gwiwa. Ta haɗiye babbar riga tsaf. Yarinyar kantin ta ce wani abu tana nuna kafaɗa, na ce Yaya ya gaya mata mun gode, mun san abin da muke yi. Da ya faɗa mini kuɗin na lissafa a naira, sai da na dafa kanta. Kuɗin ya isa sayen raguna huɗu masu rai, da fatarsu da namansu.

Gwaji

Da yamma Rakiya ta ba da makulli na ɗan lokaci, ta shiga gaba tana sa ido, ni ina baya. Tun zama aka fara rigima. Gindin rigar ya tattaru a cinyarsa ya tokare sitiyari, wuyanta ya hau har kunnuwansa. Da muka kama titin bakin ruwa iska ta shiga ta ƙasa ta hura shi kamar salka. Hannun babbar riga ɗaya ya zullo yana kaɗawa, wani yaro a kan keke ya ɗaga mana hannu yana ihu. Kafin mu koma gareji Yaya ya soma tari, irin mai fitowa daga can ƙasa.

Rakiya ta miƙa hannu kawai, ya saka mata makullin. A gida ta dafa masa citta, ba ta kalle ni ba. Kunya ta ishe ni, ga haushi, don har lokacin ban ga inda na yi kuskure ba. Riga ta fi kowacce girma, ta fi kowacce nauyi, ta yaya za ta fi ba da sanyi? Ummi ta dawo daga aiki ta ji tarin, ta tsaya a bakin ƙofa. Da Turanci ta ce wa uban ya bar shi kawai, ba komai. Ko ni da ba na jin yaren sosai na ji cewa da komai.

Manhattan, zuwa na biyu

Saura kwana biyu biki muka koma. Kantin suka karɓi rigarsu suka mayar da kuɗi ba ko musu. A Kwari wanda ya yanka atamfa ya dawo da ita, sai dai ya sha addu'a.

Wani abokin tasin Yaya ya kwatanta mana wani ɗan shago a lungu, aka sauka matakala kafin a shiga. Warin fata ya tare mu. Mai shagon tsohon Bature ne mai tabarau a goshi. Rigunan wasu sun koɗe, sun tsattsage a gwiwar hannu, na ce alhamdulillahi gwanjo ne, za a samu sauƙi. Yaya ya duba takardar jikin ɗaya ya ce kuɗinta ya ninka na sabuwa.

"Saboda me?"

"Saboda ta tsufa."

Na nemi wuri zan zauna, tsohon ya janye kujerar ya ba Yaya. Ya ce a zaune ake gwada wannan riga, don waɗanda aka yi wa ita a zaune suke aiki, cikin jirgi marar rufi. Ya ciro wata sabuwa, ruwan ƙasa, gajeriya iya ƙugu. Ya nuna babbar riga ya ce a cire. Na ce ba za a cire ba. Aka gwada a kanta, zif ya ƙi haɗuwa ko rabi. Yaya ya dube ni, ya tuɓe babbar rigar, ya rage daga shi sai 'yar ciki.

Tsohon ya ja zif har wuya, ya ɗaure wasu ƙananan maɗaurai a ƙugu. Ya sa shi ya miƙa hannu biyu kamar ya riƙe sitiyari, ya duba ko hannun rigar ya rufe wuyan hannu. Ya sa shi ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya cusa yatsa ta ƙasa, yatsan ya shiga da ƙyar. Yaya yana fassara mini: wai in ta yi yawa iska ce za ta zauna a ciki, ba mutum ba.

"Tambaye shi, ina za a sa babbar rigar?"

Tsohon ya shafa aikin wuyanta, ya jinjina kai, ya ce kyakkyawa ce ƙwarai. Sannan ya ɗaga ta a hannu ɗaya, ya nuna ta fatar da ɗaya hannun. Wannan bai buƙaci fassara ba.

"A sa ta a sama mana," na ce.

Aka ɗora. Yaya ya koma kamar buhun auduga, hannunsa ya kasa kaiwa inda sitiyari zai kasance. Ya cire, ya biya kuɗin ta fatar. A jirgin ruwa, da muka kusa gaɓa, na juyo gare shi.

"Uban amarya guda, a gaban mutane, da 'yar riga iya ƙugu kamar ɗan acaɓa?"

"Mutane sun sha ganina, Binta," in ji shi. 

Daga Park Hill zuwa Flatbush

An ɗaura aure da hantsi, Yaya cikin babbar rigata, kowa na tambayar inda aka yi aikin. Bayan la'asar aka fito kai amarya. Ƙofar benen ta cika, Kanawa da 'yan Nijar da mutanen Gana, kowa ya dunƙule cikin kwat, iska na yanka kunne. Motar na tsaye a buɗe.

A nan kan titi, gaban dattawa, Yaya ya kama wuyan babbar rigar ya cire ta. Ya ninke ya miƙo mini. Wani dattijo ɗan Damagaram ya ce, "Alhaji, lafiya dai?" Yaya ya ɗauko rigar fatar ya zura. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Rakiya ta zo ta ja masa zif da kanta, ta cusa yatsa ta ƙasa kamar ta ga yadda tsohon Baturen nan ya yi, sannan ta buɗe jaka ta ba shi makulli.

Ummi ta zauna gaba, farin kwat a kan leshi, bargo a ƙafa. Ni ina baya rungume da riga. A kan doguwar gadar da ke shiga Brooklyn iska ta nemi raba ni da ɗankwalina, haƙorana na haɗuwa. Na kasa kunne ina jiran tarin Yaya, ina salati. Ban ji ba. Sai muryarsa na ji yana nuna wa Ummi wurare da hannu ɗaya, tana tambaya da Turanci yana amsawa da Hausa.

A Flatbush na hango gidan ango, mata a ƙofa, har an fara guɗa. Yaya ya rage gudu, ya zo daidai ƙofar, ya wuce.

"Yaya, ga gidan can mun bari!"

"Na gani."

Ya sha kwana, ya bi wani titin, ya nuna mata inda ya fara kwana da ya zo ƙasar, da shagon da ya saya mata takalmin farko. Muka sake ɓullowa ta gaban gidan, masu guɗa suka sake ɗauka, ya sake wucewa. Wayata ta hau ruri. Na rasa abin yi, na dafa kafaɗarsa.

"Ka ɓata ne? Mutane na jira, magariba ta kusa."

Ummi ta juyo, kwalli duk ya zubo mata. "Gwaggo, ki bar shi."

Yaya bai waigo ba. Ya ce, "Yau babu mita, Binta."

Na koma na jingina. Tausayinsu ya kama ni su biyun, na yi kuka sosai, ban ɓoye ba. Sai a zagaye na uku ya tsaya. Na fito na kama hannun amarya kamar yadda aka saba, amma sai da na jira, don ɗaya hannun nata yana riƙe da hannun rigar ubanta.

Gida

Bayan mako guda na biyo hanyar da na zo, na sauka Kano da rana tsaka, zafi ya rungume ni na ce marhabin. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma tsare ƙirjin Yaya, don ko mura bai yi ba. Na gode wa Anti Rakiya da tuwonta da taurin kanta. Har yau ban gane motar da ba rufi ba, ban gane gwanjon da ya fi sabo tsada ba.

Maƙwabta sun cika ɗakina ana cin alewar biki. Hajiya Laraba ta ce, "To Gwaggo, ke da su wa kuka kai amarya?"

Na ce ubanta ne ya kai ta.

Ɗakin ya ɗauki salati, ana tafa hannu. Na bari suka gama, sannan na ce musu da za a sake, ni zan fara miƙa hannu in karɓi babbar rigar.