Ƙarfen Ƙafar Dama ta Lorne Pawluk

Shekara talatin da ɗaya ina washin ƙarafan takalman gudu kan ƙanƙara a ƙungiyar wasan hokin garinmu, kuma har yau jinina bai haɗu da watan Satumba ba. Mutum hamsin da takwas ake kira sansanin horo, ashirin da uku za a riƙe, sauran kowa ya kama gabansa. Sunana Fernand, 'yan wasa suna ce min Baba Fern. Ɗakina yana daf da ƙofar ɗakin canza kaya, don haka duk wanda aka sallama ta gabana yake wucewa da baƙar ledar shara a kafaɗa. A ciki muke zuba musu kayansu. Na yi magana har na gaji a kan a sayo jakunkunan arziki, babu wanda ya saurare ni.

Lorne Pawluk ba ya cikin waɗanda ake manna hotonsu a jikin bas. Ɗan baya ne, irin wanda aikinsa ya jefa jikinsa gaban faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo in an narko shi, ya tashi, ya sake jefawa. A gonar alkama aka haife shi a Saskatchewan, nan ƙasar Kanada, jikan mutanen Ukraine. In sanyi ya shigo, ubansa kan malale bayan rumbu da ruwa ya bar shi ya daskare, a nan Lorne ya koyi tsayuwa kan ƙarfen takalmin ƙanƙara tun bai iya ɗaure igiyar takalmi ba. Ya taɓa ba ni labari cewa yana ɗan shekara goma sha ɗaya sandar hoki ta fasa masa leɓe, ya zo gefen fili yana kuka. Uban ya duba, ya tambaye shi ko ƙafafunsa ne suka karye. Ya ce a'a. Uban ya ce to me ya kawo shi gefen fili? Da dariya Lorne yake ba da labarin nan. Ni ban taɓa gano abin dariyar ba.

Da ya girma ya yi shekara goma sha huɗu yana cin abinci da hoki, gari bakwai. Haƙoransa huɗu na gaba a kofi suke kwana in zai shiga fili. Ya taɓa buga wasa uku da karyayyen muƙamuƙi yana shan romo da tsinken roba. Ya zo mana yana da shekara talatin da huɗu, da matarsa Maryse, 'yar Quebec kamar ni, da 'ya'ya mata biyu da suka riga suka canza makaranta sau shida. 'Yan baya bakwai ƙungiya take riƙewa, shida an san su tun kafin a fara. Gurbi ɗaya ya rage, kuma Lorne ya san in ya rasa shi babu wanda zai sake kiran tsoho mai shekarunsa.

A wurinmu ba a ce wa ɗan wasa ya ci jarrabawa. Koci zai kira ka ne ya ce, “Je ka nemi gida.” Kafin ka ji wannan magana, a otal kake zaune, ko kai waye. Maryse da yaran suna ɗaki ɗaya da shi a otal ɗin da ke bakin babban titi, akwatunansu ko kwance su ba a yi ba. Kullum da safe takan sauke shi a ƙofar fili ta miƙo min kofin gahawa ta tagar mota, ta tambaye ni ko na ji wani abu. Nakan ce mata ni ƙarfe kawai nake ji.

Sallamar farko aka yi rana ta huɗu, mutum goma sha shida. Yadda ake yi kullum iri ɗaya ne. Mataimakin koci zai tsaya bakin ƙofa da safe, takarda a hannu, ba ya kallon idon kowa. In ka zo wucewa ya ce koci na son ganinka, shi ke nan, ba sai an yi maka fassara ba. Ni kuma a turo ni in ɓare farar salatif ɗin da aka rubuta sunanka a saman mazauninka. Sauran sai su sunkuyar da kai suna naɗa wa sandunansu tef kamar an aiko su. Ba a gaisawa da wanda aka sallama, ba don mugunta ba, tsoro ne kawai, kamar abin yana yaɗuwa.

Lorne ya tsallake wannan, ya tsallake ta biyu. Aka koma mutum talatin da ɗaya. Wanda ya rage yana ja da shi wani ɗan Finland ne, Eetu, shekara ashirin da ɗaya, mai gudu kamar ana korarsa. Lorne ba ya ƙin yaron. Shi ne ma yake nuna masa inda zai tsaya in an matso raga, yana tsokanarsa wai gemunsa sai nan da shekara biyar zai iso daga Finland.

Rana ta tara na gane. Ƙarfen takalmi yana da kaifi biyu, na ciki da na waje, kuma kowane mutum da yadda yake cinye nasa. Ni ko ido rufe ka miƙo min takalmi zan gaya maka mai shi. Da safen nan na ɗauki na Lorne, na shafa da babban yatsa. Na hagu ya dakushe sosai ta ciki, na dama kuwa kamar yanzu na cire shi daga dutse. Mutumin da ya yi awa biyu a fili jiya! Na ajiye, na ce wa kaina wataƙila ya taka wani abu. Washegari haka. Da abin ya kai rana ta uku na fita na tsaya jikin katangar fili na rufe ido ina sauraron takunsa. Ƙafa ɗaya tana yankan ƙanƙara, ɗayar tana shafa ta kawai.

Da ya kawo takalman na tura ƙofa na rufe.

“Gwiwa ce ko ƙugu?”

Ya yi dariyar nan tasa ta mai giɓi, ya ce tsufa ya fara taɓa ni. Na ɗora masa ƙarafan biyu a tafin hannu na ce ya shafa da kansa. Bai shafa ba. Ya zauna kan benci, kuma a zaman ne na gani, sai da ya dafa bango.

Ƙugu ne. Ranar wasan gwaji na farko wani ya maka shi da katanga, ya ji abu ya yage a ciki. Tun ranar yake haɗiyar ƙwayoyin kashe zafi, yana shiga baho da ƙanƙara a otal bayan yara sun tafi makaranta. Maryse ma ba ta sani ba.

Raina ya ɓaci, na kuwa zazzage masa. Na ce shi da ya shekara goma sha huɗu a harkar nan ya fi ni sanin doka: wanda ya ji ciwo a sansani ba a sallamarsa sai ya warke. Taku ashirin ne daga ɗakina zuwa na likita. Ya je ya faɗa, ƙungiya ta yi masa aiki, sunansa ya zauna, yara su gama shekara a makaranta ɗaya. Ya ce aikin ƙugu wata shida ne, kafin ya tashi yaron Finland ya gama zama a kujerar, kuma shi bai taɓa samun wuri da takardar likita ba, ba zai fara da furfura ba. Kwana shida suka rage. In ya shiga cikin ashirin da ukun, sai ya san yadda zai yi.

“Baba Fern, ba ka ga komai ba.”

“Na gani mana, Pawlie. Da yatsana na gani.”

“To yatsanka ya yi shiru. Rage min kaifin na dama, kada ya riƙa kama ƙanƙara.”

Na rage masa. Kada wani ya tambaye ni dalili, don na san dalilina. Abin da aka faɗa a ɗakin washi a nan yake mutuwa. A ɗakin nan na ji wanda matarsa ta tafi, na ji wanda giya ta kama, na ji wanda yake amai don tsoro kafin kowane wasa. Ranar da magana ɗaya ta fita daga bakina ta hau bene zuwa ofis, ranar na zama ɗan leƙen asiri, babu mai sake zama kan bencin nan. Da wannan nake taƙama shekara talatin da ɗaya.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi min daɗi ba. Aka sake rage mutum biyar. Ɗakin canza kaya ya yi faɗi, murya tana amsa kuwwa. Aka daina kunna kiɗa, ban san wanda ya kashe ba. A wasan gwaji na ƙarshe Lorne ya tare faifai biyar da jikinsa, 'yan kallo suna ta ihun sunansa, amma sau biyu wani matashi ya zagaye shi ta dama kamar yana zagaye turken fitila. Na biyun ya zama ci. Na ɗaga kai na kalli bene inda manya suke zama, na ga manaja ya sunkuya yana rubutu.

Ranar Asabar da safe, kwana ɗaya kafin a rufe jerin sunaye, Koci Latour ya shigo ɗakina. Shekara huɗu muna aiki tare bai taɓa taka ɗakin ba. Mutum ne da ba ya ɓata magana, shi ma tsohon ɗan baya ne, hancinsa ya karye har ya rasa alƙibla. Ya tura ƙofa, ya ɗauki takalmin Lorne daga kanta yana jujjuya shi, amma bai shafa ƙarfen ba. Su koci ba su san a shafa ba.

Ya ce yana son Pawluk. Ya ce ɗakin canza kaya yana bukatar babba irinsa, kuma ya yi ta ja da manaja a kansa har murya ta tashi. Amma mutumin da ya gani a faifan bidiyon bara ba shi ne wannan ba, ya rage gudu. Ya tambaye shi sau biyu, ya ce lafiyarsa ƙalau. Likita ya tambaye shi, haka.

“Fern, kai ne kake ganin abin da ba ma gani. In ciwo ne, gaya min, zan jira shi ko wata nawa ne. Akwai abin da ke damunsa?”

Injin washi yana ta juyawa a bayana, ban kashe shi ba. Na tuna Maryse da kofinta. Na tuna Lorne yana dafa bango. Wallahi maganar ta zo min har maƙogwaro. Amma ni ne Baba Fern, wanda ba a taɓa jin magana ta fita daga ɗakinsa ba.

“Ban ga komai ba, Koci.”

Ya kalle ni. Sannan ya mayar da takalmin kan kanta a hankali.

“To shekaru ne ke nan,” ya ce. “Wannan kuwa ba a jiransa.”

Ya fita. Ina iya bin shi, matakalar tana nan gabana, amma na tsaya ina goge dutsen da ba shi da datti.

Lahadi da safe mataimaki ya tsaya bakin ƙofa da takardarsa. Mutum uku. Lorne ya iso da kofi a hannu yana tsokanar mai gadi, mataimaki ya faɗa masa maganar, ya gyaɗa kai kawai ya ajiye kofin kan taga. Ya hau matakala goma sha takwas ɗin nan ba tare da ya taɓa ƙarfen dafawa ba, ina ƙirgawa. Minti bakwai ya yi a sama.

Kafin wanda aka sallama ya tafi, sai ya biya wurin likita ya sa hannu a takarda cewa lafiya ya zo, lafiya zai tafi. Wannan ce ƙofa ta ƙarshe. Na tare shi a lungu na riƙe masa hannun riga, na ce don Allah, don yaran nan, ya buɗe baki yanzu. Ya ce yanzu kuma? Bayan an sallame shi? Sai a ce Pawluk ya ƙirƙiri ciwo don ya maƙale. Ya zare hannuna a hankali ya shiga. Ta gilashin ƙofa na gan shi ya sa hannu.

Ni na ɓare sunansa, ni na zuba kayansa a leda. Eetu yana zaune a kujerar gefe, an riga an ce masa ya je ya nemi gida, amma fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Lorne ya shigo ya dafa kansa ya ce ya riƙa tsayawa kusa da raga, ya daina yawo.

Takalmansa suna ɗakina, don haka nan ya biyo a ƙarshe. Ta taga ina hango motar Maryse, ba ta kashe inji ba, ba ta kuma sauke gilashi ba. Ya rataya takalman a wuya, ya miƙo min hannu, ya riƙe nawa da hannu biyu. Ya ce ya zagaya gari bakwai, ya ga masu washi iri-iri, amma bai taɓa samun wanda zai ba wa amana ya kwana da ido biyu rufe ba sai ni.

“Na gode da ka rufa min asiri, Baba Fern.”

Bai san Koci ya shigo ɗakin nan ba. Bai san abin da aka tambaye ni ba, kuma har yau ban gaya masa ba.

Na ce masa ba komai.