An Kori Wendell Don Ya Faɗi Kaurin Ƙanƙara

Gwamnatin tarayya ta kori Wendell Flett daga aiki saboda ya faɗa mini kaurin ƙanƙarar tafkinmu. Laifin ke nan, babu wani. Shekararsa talatin da ɗaya a aikin, saura biyu ya yi ritaya.

Ni ke riƙe da kantin garinmu, kuma aji ɗaya muka yi da shi a sakandare. Ba dakta ba ne, ba farfesa ba. Ɗan masunci ne da ma'aikatar lura da ruwa da yanayi ta ɗauka aikin awo. Duk Alhamis, daga Disamba zuwa Afrilu, yakan fita kan tafki ya huda ƙanƙara a wuri shida, ya zura sandar awo, ya rubuta da fensir, don biro daskarewa yake yi. Daga nan ya biyo kantina, ya rubuta lambar da alli a allon bakin ƙofa, ya shigo ya sha kofina yana kushe shi.

Ba mu da titi. In tafki ya daskare, shi ne titin. Ta kansa tankokin dizal da motocin fulawa suke zuwa mana daga kudu, kuma tanka cike sai kaurin ƙanƙara ya kai inci arba'in take hawa. Kafin direba ya tada mota, sai ya ji abin da allon nan ya ce.

Wendell ba mai surutu ba ne, amma littattafan da yake rubuta awo a ciki ba su iya ɓoye magana. Shekarar da ya fara aiki, hanyar ta yi mako goma sha ɗaya a buɗe. Bara mako shida ta yi. Wata 'yar jarida ta tambaye shi dalili, ya ce, "Sanyi ne ya ragu, 'yata. Duniya ɗumi take yi." Aka buga. Lokacin kuwa sabuwar gwamnati na gaya wa ƙasa wai zancen ɗumamar yanayi zuzutawa ce, tana ta raba takardun izinin haƙar mai.

Ba a yi wata ba sai ga takarda daga babban birni: kada wani ma'aikaci ya sake ba kowa alƙaluma sai ofishin yaɗa labaran minista ya duba. Dubawar mako uku take ɗauka. Mako uku! Mutanen da ba su taɓa jin ƙanƙara na kuka a ƙarƙashin taya ba.

Alhamis ta zo, ya wuce allo ko kallonsa bai yi ba.

Na ce, "Kai Wendell, alli ne ya ƙare?"

"Alli na nan, Darlene. Bakina aka ɗinke."

"To rubuta da hagu, ka ce ba kai ba ne."

"Wa zai yarda? Duk garin nan ni kaɗai ke rubuta bakwai kamar ƙugiya."

Sai ya samo dabara. In ƙanƙara na da kyau, ya shiga da motarsa. In ba kyau, ya ajiye motar a bakin gaɓa ya tafi a ƙasa yana jan kayansa. Mu 'yan gari mun gane. Amma direban da ke can ƙetare, ina zai hango motar Wendell?

Tsakiyar Maris aka kwana biyu ana ruwan sama, abin da iyayenmu ba su taɓa gani ba a wannan watan. Da hantsi ƙanena Garnet ya bugo waya daga ƙetare, yana cikin tanka cike da dizal.

"Yaya, me allo ya ce?"

"Allo ya daɗe da yin shiru."

"Kamfani sun ce shafin gwamnati ya nuna arba'in da ɗaya. Sun ce mu hau."

Awon mako uku da suka wuce ke nan. Wendell na zaune gefen murhu, takalmansa sharkaf, ya dawo daga tafki a ƙasa. Akwai mutum biyar a kantin. Na san abin da nake roƙonsa, shi ma ya sani.

Na ce, "Wendell, ƙanena ne. 'Ya'yansa uku. Nawa?"

Ya ajiye kofinsa. Sannan ya ɗaga murya yadda waya za ta ɗauka.

"Ashirin da bakwai a mashigin tsibiri, kuma ruwa na gudu a ƙasa. Ce masa in ya hau, ni zan fasa masa kai kafin tafki ya same shi."

Garnet ya yi wata irin dariya. "Gaishe min da dattijon nan mai baƙar zuciya. Ce masa na juya."

Motoci tara suka juya ranar. Kamfani ya kai ƙara ma'aikata, ma'aikata ta tambayi wa ya fitar da lambar. Duk mun shirya mu ce ba mu ji komai ba. Wendell ya riga mu, ya rubuta musu da hannunsa cewa shi ne.

Na karanta takardar korar sau uku ina neman inda suka ce awonsa ba daidai ba ne. Babu. Cewa suka yi ya saki bayanan da ba a amince da su ba. Suka turo mutum biyu suka kwashe littattafansa kaf a kwali. Mun tambayi inda aka kai su, har yau shiru. Ba su ɗauki kowa a gurbinsa ba, wai tauraron ɗan'adam zai riƙa dubawa. Tauraro zai ga ruwan da ke cin ƙanƙara ta ƙasa?

Yanzu yana rumfarsa yana gyaran komar mutane. Na kai masa miyar kifi, sai ya ce, "Ai na karya doka, Darlene." Wannan ya fi ƙona mini rai. Sun sa mutumin kirki yana jin kunyar gaskiya.

Saura mako bakwai tafki ya fara daskarewa. Ku da kuka sa hannu, ku janye wannan takardar, ku maido littattafan, ku maida Wendell Flett bakin aikinsa kafin motar farko ta taso. In kun ƙi, to wanda ke duba alƙaluman ya bar ofishinsa ya zo ya zauna gefen Garnet a tankar farko, su hau tare.