Tsohon da Ya Ƙi Tofarwa

A kasuwar Asabar ta garin Beaune, na ga wani tsoho mai koɗaɗɗiyar kwat yana bin rumfunan giyar inabi. Tafin hannunsa duk kanta. Ina jin a gona ya tsufa. Yakan jujjuya kofi, ya shinshina, ya kurɓa, ya tofar a bokiti kamar kowane mai ɗanɗana giya. Ya ce wannan ta cika tsami, waccan da sauranta ba ta nuna ba.

A rumfar ƙarshe sai ya lumshe ido, ya haɗiye.

"Baba, ga bokiti fa!" in ji mai rumfar, tana dariya. "Ko buguwa ka zo yi?"

"'Yata, wannan daga inabin gangaren bayan coci take. Gonarmu ce kafin a sayar." Ya ajiye kofin a hankali. "Wa ke tofar da ƙasar ubansa?"