Kubura da Gonar Baƙin Mai

Shekarar da Nasara ya sa a gyara hanyar Kano zuwa Katsina, leburori suka yi zango a gefen gonar Kubura, gabas da Kankia. Akwai wani baƙin mai da suke shafa wa katakon gada saboda gara. In sun gama, sai su wanke gangunan su tuttular a gonar. Mijinta ya rasu, babu namijin da zai tsawata.

Da damina ta shuka gero, ya fito ja kamar an babbaka, ya mutu. Warin kuwa har akuya kauce masa take.

Mai gari ya aika aka kira ta. Ya ce, "Gonar nan ta mutu, Kubura. Zan ba masu hanya su ci gaba da zuba kayansu. Ki koma gidan ɗan'uwanki a Mawashi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wa ya yi mata wanka da salla? A ba ni lokaci."

Da farko binne wajen ta yi da jar ƙasa, ta daddaɓe kamar daɓen ɗaki. Bayan shekara ta tona, man yana nan yana ƙyalli, warinsa sabo. Amma can gefe, inda shanun wani Bafillace mai suna Sodangi suka ratsa suka yi kashi suka tattake, sai ta ga ƙasar ta yi laushi, ta sansana, wari ya ragu.

Ta roƙe shi ya kwantar da shanu a wajen bayan girbi. Ya ce, "Inna, ki kashe mani nagge don gonar aljanu?"

"To bar su can. Kashinsu dai ba ka tatsa."

A ka ta riƙa ɗauko kashin. Ta fasa daɓen da ta yi, ta cuɗa taki da ƙaiƙayi, ta yayyafa ruwa, ta juya da fartanya ya sha iska. In ta tura hannu ciki takan ji ɗumi kamar cikin kaza mai kwanci. Matan da ke wucewa kasuwa su ce, "Sannu da dafa wa ƙasa tuwo." Ita kuwa ta ce akwai bayin Allah a ciki da ido ba ya gani, su ke cin man, kuma mai aiki ai sai an ba shi abinci da numfashi.

Damina ta wuce, wata ta wuce. Tanar ƙasa ta dawo, ciyawa ta biyo. Tsakiyar wajen dai ba ta warke ba.

Ran da mai gari ya zo da helma, shugaban leburorin hanya, don a kafa turakun shata gonar, suka tarar da ita tsaye cikin gero iya ƙugu. Helma ya nuna baƙin tabon da ya saura. Kubura ta taka ta tsaya a kansa da fartanyarta.

Ta ce, "Nan ma ba su gama ci ba. Ku dawo baɗi."

Mai gari ya dubi geron, ya ce a kwashe turakun.